Na Koma Gombak: Yini Guda da Tsofaffin Abokan Karatu

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yanzu na sauko daga jirgin ƙasa a tashar Gombak ta Malesiya, ƙarshen layin Kelana Jaya ke nan. Ƙarfe huɗu na yamma a nan, ku kuwa a Kano da Maraɗi tara na safe ne, watakila wani ma yana kan shan koko. Hadari ya haɗo a kan duwatsun can, to mu yi sauri. Yau makarantarmu zan kai ku, Jami'ar Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa ta Malesiya, wadda 'yan ƙasar ke kira UIA. Wani babban yayanmu ne ya zo daga Bosniya, sai muka yi shawara a zaurenmu na WhatsApp cewa duk wanda ke kusa ya fito a gaisa.

Ga ƙofar nan. Wallahi duk sanda na shigo sai gabana ya ɗan faɗi, kamar ranar farko a 2014, ina jan akwati ɗaya da ledar kilishi da kuka da daddawa da Hajiyarmu ta ƙulle mini. A 1983 aka kafa jami'ar, tana Petaling Jaya kafin a dawo da ita nan. Ƙasashe takwas ne suka tsaya mata tare da ƙungiyar haɗin kan ƙasashen Musulmi ta OIC, ciki har da Masar da Turkiyya da Pakistan da Saudiyya. Da Turanci da Larabci ake karatu, shi ya sa za ka ga ɗan Gini da ɗan Maldibis da ɗan Kosobo a benci ɗaya.

Wancan mai hasumiya shi ne masallacin Sultan Haji Ahmad Shah, a tsakiyar makaranta yake. Bari na tsaya a nan kaɗan, don a nan na fara karatu tun kafin na shiga aji. Mu a gida in an ce ka kalli gabas, alƙibla ake nufi. Asubar farko na shigo sai na tarar da sahu yana kallon yamma, domin Makka tana yammacin Malesiya. Raka'a ta biyu liman ya ɗago daga ruku'u, sai ya ɗaga hannu ya kama alƙunutu a bayyane, jama'a na amin. Mazhabar Shafi'i ce a ƙasar nan. Ni da na tashi a kan Ahalari da Iziyya da Risala, na saba da alƙunutu a ɓoye kafin ruku'u. A damana wani ɗan Turkiyya ya naɗe hannu ƙasan cibiya, a haguna wani ɗan Sudan ya saki nasa. Aka sallame, kowa ya miƙa wa ɗan'uwansa hannu, ba wanda ya harari wani. Na daɗe zaune a wurin ina tuna yadda unguwa guda a garinmu ta rabu biyu a kan abin da bai kai wannan ba.

To ga abokan namu can a kantin abinci, sun haɗa tebur uku. An kawo teh tarik, shayin madara ne da ake zubawa daga kofi zuwa kofi har ya yi kumfa, kamar dai na masu shayinmu. Ga kuma roti canai da miyar wake.

Wannan mai furfurar shi ne baƙon namu. Abang muke ce masa, wato Yaya da harshen Malay. Ya zo nan ne lokacin yaƙin Bosniya, wanda aka yi daga 1992 zuwa 1995, sa'ad da Malesiya ƙarƙashin Mahathir Mohamad ta buɗe wa ɗaliban ƙasarsu ƙofa. Na tambaye shi me ya fi tunawa. Ban ji ya ambaci aji ko malami ba. Ya ce watanni yakan yi bai san ko mahaifiyarsa na raye ba, ga shi lokacin wayar hannu ba ta yaɗu ba. Abokin ɗakinsa Bamale ne, wato ɗan ƙabilar Malay, ya lura ba ya cin abinci, ranar hutun Sallah sai ya ce masa ya haɗa kaya. Ya kai shi ƙauyensu a jihar Kelantan, uwar yaron ta zuba masa shinkafa da hannunta, ta nuna masa tabarmar da zai kwana tare da 'ya'yanta. Ba ta jin yarensa, ba ya jin nata. Tattalin arziki ya karanta, yau yana aikin banki a Sarayebo, amma ya ce abin da ya kawo shi wannan karon kabarin tsohuwar nan ne, zai je ya yi mata addu'a. Da ya faɗi haka teburin ya yi tsit, ni ma sai da na sauke kyamara.

Wannan 'yar'uwar tamu daga Somaliya take. Injiniyanci ta karanta, amma yanzu kasuwanci take yi, tana aika kaya daga tashar jiragen ruwa ta Klang zuwa gabashin Afirka. Ta ce duk wanda take hulɗa da shi a Jakarta ko Istanbul ko Mombasa, in ka bi salsala, ko abokin karatu ne ko ƙanen abokin karatu. Na kusa da ita ɗan lardin Aceh ne na Indonesiya, ya zo bayan igiyar tsunami ta 2004, ya koma gida yana koyarwa. Wancan kuma ɗan Yemen, ilimin kwamfuta ya yi, yana aiki a garin Cyberjaya a nan Malesiya, shekarunsa da yawa bai taka Sana'a ba.

Ni kuwa ga nawa mutumin, ku gan shi yana ɓoye fuska. Bhai nake ce masa, wato ɗan'uwa, ɗan Bangaladash ne. A Mahallah Bilal muka zauna. Ɗakunan kwanan ɗalibai a nan mahallah ake kiransu, yawanci da sunayen sahabbai: Ali, Usman, Faruk, Siddik, na mata kuma su Hafsa da Asma da Nusaiba. Ɗaki ɗaya mutum huɗu, an raba shi lungu-lungu, kowa da gadonsa da teburinsa. A watan Yunin 2016 naira ta faɗi, dala ta tashi daga 197 zuwa sama da 280 a farashin hukuma, a kasuwar bayan fage kuwa ba a magana. Kuɗin da ake aiko mini ya zama kamar an zuba ruwa a rariya. Ban faɗa wa kowa ba, kun san mu da kara. Sai na koma cin abinci sau ɗaya a yini. Bawan Allahn nan bai taɓa tambayata ba. Kullum da dare sai ya dafa shinkafa da miyar wake da suke kira dal a 'yar tukunyarsa ta lantarki, ya ɗaga labulen lunguna ya ce, "Bhai, zo ka taya ni, ta yi mini yawa." Wata uku tana yi masa yawa. Akwai kuma wata dattijuwa mai sayar da nasi lemak, shinkafar da ake dafawa da madarar kwakwa, Makcik muke ce mata, wato Inna ko Gwaggo. In na miƙa kuɗi sai ta ture hannuna ta ƙara mini ƙwai. Na leƙa rumfarta ɗazu, wasu ne a wurin. Allah ya saka mata da alheri duk inda take.

Da hira ta juya kan aiki, ba wanda ya yi wa wani daɗin baki. Takarda ita kaɗai ba ta ba ka aiki a nan. Baƙo sai ya sami kamfanin da zai tsaya masa a ba shi izinin aiki, kuma ba kowane kamfani ke son wannan ɗawainiyar ba. Baƙar fata kuma yana da nasa ƙarin nauyin. Na taɓa kiran wani mai gida kan haya, mun gama magana lafiya lau, da ya ji daga Afirka nake sai ya ce an riga an kama. Abin ya yi mini ciwo har yau, kuma ina faɗa ne don ƙannenmu masu shirin zuwa su san akwai shi, kamar yadda akwai su Makcik.

Ni harkar kuɗi ta Musulunci na karanta, kuma a wannan fanni Malesiya ta yi nisa. Tun 1963 suka fara asusun tara kuɗin aikin Hajji da ake kira Tabung Haji, bankinsu na Musulunci na farko kuma suka buɗe shi a 1983. Mu a Najeriya sai 2012 bankin Jaiz ya fara aiki, a 2017 gwamnatin tarayya ta fitar da sukuk, wato takardun zuba jari na tsarin Musulunci, na naira biliyan 100 don gina hanyoyi. Wasu abokanmu da suka koma suna cikin masu wannan aikin a Abuja da Kano, wasu suna koyarwa a jami'o'i. Ina jinjina musu ƙwarai, domin sun zaɓi abin da ya fi wuya.

Abang ya juyo ya tambaye ni yaushe zan koma. Na ce masa muna da karin magana, kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Na fassara masa, ya gyaɗa kai ya ce shi ma da ya koma sai da ya koyi garinsu daga farko. Hajiyarmu ma duk Juma'a tambayar da take yi mini ke nan a waya, kuma ta fara gajiya da jin "in sha Allahu baɗi". Na yi wa Abang alkawari a gaban mutanen nan cewa zan zauna da maiɗakina mu tsayar da lokaci.

Ga ruwan ya sauko, kuna jin sa a kan kwano. Bakwai ta wuce, an fara kiran magariba. Bhai ya ɗauko lema ɗaya, za mu raba ta zuwa masallaci. Sai mun haɗu a bidiyo na gaba, ku gaida mutanen gida.