Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishinar Harkokin Mata a Zaman Nazarin Rayuwar Mallika Sarabhai

Assalamu alaikum. Mai girma Hajiya Kwamishina, ranki ya daɗe, sannu da zuwa, sannu da hanya. Iyayenmu mata da malamai, barkanku da hallara.

Wadda muka taru a kanta yau 'yar Indiya ce, Mallika Sarabhai, haifaffiyar Ahmedabad a jihar Gujarat a 1954. Mahaifinta Vikram shi ya kafa shirin binciken sararin samaniya na ƙasar, mahaifiyarta Mrinalini kuwa gwanar rawa ce. Su biyun suka buɗe makarantar koyon rawa da wasan kwaikwayo ta Darpana a 1949, wadda ragamarta ta dawo hannun 'yar tasu.

Ranki ya daɗe, rawar gargajiyar Indiya ta Bharatanatyam da Mallika ta ƙware a kai horo ce mai wuya. Ɗaliba tana farawa da tsayuwar aramandi: dugadugai a haɗe, gwiwoyi a buɗe gefe, baya a miƙe, ta yi rabin zama. In gwiwa ta karkata ciki, nauyin jiki ya faɗa mata, daga nan ciwo ke somawa. Sai takun ƙafa, sai alamomi 28 na hannu ɗaya, kowace da ma'anarta. Ana shafe shekaru kafin a bar mutum ya hau dandali shi kaɗai. Mu a ganinmu wannan ƙwarewa ce ta sa da Mallika ta buɗe baki aka saurare ta.

Bayan ta fito a matsayin gimbiya Draupadi a wasan Mahabharata, tsohon labarin Indiya, na daraktan Ingila Peter Brook daga 1985, ta juya fasaharta kan cin zarafin mata da tashin hankali. Da rikicin Gujarat ya ɓarke a 2002, aka kashe fiye da mutum 1,000, akasarinsu Musulmi, ta garzaya Kotun Ƙoli tana zargin gwamnatin jihar da hannu a ciki. Ta ɗanɗana kuɗarta: aka tuhume ta da fataucin mutane zuwa waje, tuhumar da aka janye daga baya. A 2009 ta tsaya takarar majalisar dokokin ƙasa ba jam'iyya a mazaɓar Gandhinagar ta Gujarat, ta kara da jigon siyasa L.K. Advani, ta faɗi. A 2010 Indiya ta ba ta lambar girmamawa ta Padma Bhushan.

Roƙonmu ɗaya ne: ma'aikatarki ta sama wa 'yan wasanmu mata zaure mai daɓen katako, domin siminti yana cin gwiwa. Bismillah, ranki ya daɗe, a buɗe mana zama.