Amsoshin Tambayoyinku: Shin sola za ta iya tuƙa jirgin fito?

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka. Wasiƙar yau ta fito ne daga Yawuri a jihar Kebbi, daga wani bawan Allah mai sana'ar fito a kogin Kwara. Ya ce tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, guminsa a gidan mai yake ƙarewa. Tambayarsa ita ce: da gaske akwai jirgin ruwa mai tafiya da hasken rana, kuma zai iya ajiye injinsa ya koma sola?

To malam, akwai shi. A jihar Kerala ta ƙasar Indiya, wani jirgi mai suna Aditya yana fito da mutane tun watan Janairun 2017. Fasinja 75 yake ɗauka, yana tsallaka tafkin Vembanad daga garin Vaikom, tafiyar kilomita 2.5. Rufinsa farantan sola ne masu ƙarfin kilowat 20, ga batir a ciki saboda hadari ko yamma. Ƙera shi ya fi na dizal tsada, amma kuɗin wutar da yake ci a rana bai kai kashi ɗaya cikin goma na man da jirgin dizal ke sha ba. Kafin shi ma, jirgin PlanetSolar ya zaga duniya da rana zalla tsakanin 2010 da 2012.

Amma fa kada ka yi gaggawar sayar da injinka. Bari mu yi lissafi tare. Faranti mai faɗin murabba'in mita ɗaya yana ba da wat kusan 200, shi ma da tsakar rana. Inji mai ƙarfin doki 40 kuwa ya kai kilowat 30, daidai da wat 30,000. Wato sai ka shimfiɗa faranti murabba'in mita 150 kafin ka kamo shi. Ina za ka ɗora wannan a kan kwale-kwale? Ga hunturu, ƙura ta lulluɓe farantan, wuta ta ragu.

Sirrin Aditya shi ne ba ya sauri, ruwan tafki a kwance yake, zangon gajere ne, kuma an ƙera gangar jikinsa biyu sirara don ya ratsa ruwa ba wahala. Kai kuwa ranar kasuwa za ka yi lodin buhuna da babura, ka nufi gaba da igiyar ruwa lokacin da kogi ya cika. Wannan aikin, a ganina, har yanzu na fetur ne.

Inda sola za ta yi maka rana shi ne tsallake daga wannan gaɓa zuwa waccan, ko kamun kifi a tafkin Kainji. A nan dabarar da ta fi sauƙi ita ce a kafa farantan a bakin ruwa, a riƙa cajin batir ana musanyawa, kamar yadda wasu masunta ke yi a tafkin Victoria ta ɓangaren Kenya, inda suke hayar injin lantarki maimakon saye. Kuɗin batir ne babban cikas, don haka magana ce ta ƙungiyar masu fito, su haɗa hannu su gwada da jirgi ɗaya tukuna.