Fodkas: Me Mota Mai Ƙofa Biyu Take Yi a Hannun 'Yan Sandan Amurka?

Hadiza: Assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Tare da ni akwai Malam Bala da Injiniya Musa. Tambayar yau wadda masu kallon bidiyon 'yan sandan Amurka suka sha yi ce: ga Mustang ko Camaro ko Challenger, ƙofa biyu, an manna mata tambari an sa jiniya. Injiniya, burga ce ko aiki?

Musa: Wa alaikumus salam. Aiki ne, Malama Hadiza, amma aiki guda ɗaya tak. Sai dai mu fara raba abubuwa biyu da ake haɗawa. Dodge Charger da ta cika titunan Amurka tun 2006 ƙofa huɗu gare ta. Masu ƙofa biyu na gaske 'yan kaɗan ne, kuma galibi 'yan sandan manyan hanyoyi na jihohi ne ke riƙe da su.

Bala: Su ma ba da son rai suka fara ba, tilas ce ta sa. Bayan matsalar man fetur ta 1973 da dokokin rage hayaƙi, sai ƙarfin injinan manyan motocin Amurka ya zube. Mota ga girma ga nauyi, inji silinda takwas, amma ƙarfin bai taka kara ya karya ba. 'Yan sandan hanya na Kalifoniya sun sha wuya da Dodge St. Regis ta 1980. A ɗora mata fitilun rufi da kayan aiki, a taka totur har ƙasa, mai laifi yana ƙara nisa.

Hadiza: Amma ai jihar Alabama ta riga su.

Bala: Ta riga su. A 1971 ta fara sayen AMC Javelin mai inji lita 6.6, ita ake lissafawa a matsayin ta farko a irin wannan aiki. Kalifoniya ta gwada Camaro a 1979, injinan suka riƙa ba da matsala. Daga nan Ford ta haɗa musu Mustang ta musamman a 1982, wadda ake kira SSP, inji lita 5.0. An ci gaba da yin ta har 1993, guda wajen 15,000 aka ƙera. Ita kuwa Chevrolet ta fito da tata Camaro ta 'yan sanda, mai suna B4C, daga 1991 zuwa 2002.

Hadiza: Har sojojin saman Amurka sun yi aiki da Mustang ɗin, tana bin jirgin leƙen asiri na U-2 a baya lokacin sauka, wani matuƙi yana ciki yana faɗa wa na sama saura ƙafa nawa ya taɓa ƙasa. To Injiniya, mutane suna cewa ai rediyo ya fi kowace mota gudu. Me ya sa sai an nemi mai ƙarfi?

Musa: Rediyo yana aiki idan akwai wani a gaba. A hanyar da za ka yi kilomita hamsin ba wani ɗan sanda, wa za ka kira? Bari mu yi lissafi na kusa. Ɗan sanda yana tsaye a gefen titi, mota ta wuce shi a kan kilomita 160 a awa. Wannan mita 44 ne a kowace daƙiƙa. Kafin ya duba madubi, ya sa giya, ya hau kwalta, a ce daƙiƙa biyar, an ba shi ratar mita 220. Yanzu sai ya kai gudun wancan kafin ratar ta daina ƙaruwa. Idan motarsa tana kaiwa 160 cikin daƙiƙa 10, ratar za ta ƙaru da kamar mita 220, jimilla 440. Idan kuwa sai ta yi daƙiƙa 24, ƙarin ya kai 530, jimilla 750.

Bala: Kuma har yanzu bai fara cim masa ba.

Musa: Ko kusa. A ce ya haura zuwa 200, wato ya fi shi da kilomita 40, yana cin mita 11 a daƙiƙa. Mai ratar 440 zai yi daƙiƙa 40. Mai ratar 750 zai yi kusan 68, kusan kilomita huɗu yana tsala gudu a tsakanin iyalai da manyan motoci. Abin da ake saye ke nan, Malam Bala. Mutane suna kallon ƙarshen maleji, alhali abin da ya fi muhimmanci shi ne saurin tashi daga tsaye. Duk daƙiƙar da aka rage a wannan gudu, an rage damar a kashe wanda bai ji ba bai gani ba.

Hadiza: Akwai kuma wanda yake hango motar a madubi ya san ba zai sha ba, sai ya faka tun kafin a fara.

Musa: Akwai. Sannan wasu jihohin, kamar Indiyana, sun yi amfani da Mustang marar tambari. Kowa ya san fuskar motar 'yan sanda daga nesa, da an hango ta sai a natsu. Wannan kuwa ta saje da sauran, sai mai ganganci ya wuce ta ko ma ya nemi su yi tsere.

Hadiza: To mu shiga ƙarƙashin bonet. Mene ne bambancin ta 'yan sanda da ta kasuwa?

Musa: A Mustang SSP injin kusan ɗaya ne da na kasuwa. Abin da aka canza na jure wahala ne. An ƙara abin sanyaya baƙin mai, mai giya otomatik kuma aka ƙara mata na man giya. Tiyon lagireto na silikon ne da maɗauri mai ƙarfi, saboda tiyon roba yana fashewa idan zafi ya yi yawa. An sa altaneta babba don fitilu da rediyo da na'urar auna gudu. An ƙarfafa ƙasan motar wajen kujeru, domin mutum zai shiga ya fita sau da yawa a yini. Safaya taya cikakkiya ce, ba 'yar siririyar nan ba. Malejin kuma tantacce ne, yana karanta har mil 140 a awa, kimanin kilomita 225, daga baya aka kai shi 160. Dalilin tantancewar kotu ne: idan ɗan sanda ya ce ya bi ka a baya ya auna gudunka, lauya zai tambayi ingancin malejin.

Bala: Kada a manta da silo. Shi ne ke cin motar 'yan sanda fiye da gudu.

Musa: Gaskiya ne. Motar takan yi awanni a tsaye inji yana aiki, iyakwandishan a kunne. Ford tana lissafa awa ɗaya ta silo daidai da tafiyar mil 33, wajen kilomita 53. Wanda ya bi maleji kaɗai wajen juye baƙin mai zai kashe injin, shi ya sa ake duba awannin inji. Abu na biyu, a gama gudu mai tsanani a tsaya cak a gefen titi. Iska ta daina bugun lagireto, zafin ya taru, nan ne fanka mai rauni ko tsohon tiyo ke tona asiri.

Hadiza: Malam Bala, idan tana da wannan amfani, me ya hana a cika ofisoshi da ita?

Bala: Matsalolinta sun fi amfaninta yawa idan aka fitar da ita daga babbar hanya. Babba a ciki, ina za ka sa wanda ka kama? Mutum da ankwa a baya, sai ka kwantar da kujerar gaba ka cusa shi ta lungu, kuma babu wurin kafa shingen ƙarfe tsakaninku. Dole a kira wata mota mai ƙofa huɗu ta ɗauke shi, kamu ɗaya ya cinye jami'ai biyu. Ga but ƙarami, ba ya ɗaukar mazugan hanya, kayan agajin gaggawa, abin kashe wuta da doguwar bindiga gaba ɗaya. Ga kujera a ƙasa. Jami'i yana sanye da rigar sulke, ɗamararsa ɗauke da bindiga da ankwa da oba-oba, kujerar kuma an yi ta ne don ta matse ƙugu. Awa takwas ko goma sha biyu a haka, baya zai gaya masa.

Musa: Ƙofar ma doguwa ce. Buɗe ta a gefen titi, tirela tana wucewa, ba wasa ba ne.

Bala: Sai tuƙin kansa. Tayoyin baya ne ke ja, bayan kuma ba nauyi. A tsofaffin, da babu kwamfutar da ke hana zamewa, ruwan sama kaɗan ya sauka ka taka totur a kwana, sai bayan ya juyo. Mustang ta wancan zamani birkin bayanta ma na ganga ne, idan aka taka shi da ƙarfi a kai a kai sai ya yi zafi ya daina kamawa. Ga ta kusa da ƙasa, tsallaka ciyawar tsakiyar hanya don juyawa yakan fasa mata ciki. Ni a ganina, duk hukumar da ta ba jami'i irin wannan mota ba tare da horo na musamman a filin tsere ba, ta yi ganganci da ransa da na jama'a.

Hadiza: Shi ya sa da masu ƙofa huɗu suka farfaɗo aka ajiye masu ƙofa biyun.

Bala: Haka aka yi. Chevrolet Caprice ta 1994 ta zo da inji lita 5.7 mai ƙarfi, daga baya Charger ta zo da injin Hemi mai ƙarfin doki 370. Ga gudu ga wurin fursuna, me za a yi da mai ƙofa biyu? Yau ma jif ɗin Ford na 'yan sanda mai turbo biyu yana da doki 400, yana kai mil 148 a awa.

Hadiza: To me ya dawo da su kwanan nan?

Musa: Kasuwa ce ta sake barin giɓi. An daina ƙera motocin 'yan sanda masu ƙofa huɗu ɗaya bayan ɗaya: Crown Victoria a 2011, Caprice a 2017, Taurus ta 'yan sanda a 2019, Charger mai silinda takwas a ƙarshen 2023. Jif yana da nauyi da tsayi, a kwana da birki ba zai yi abin da ƙaramar mota take yi ba. Sai jihohi irin su Karolina ta Arewa suka sayi Mustang GT a 2024, doki 480. Amma a lura da wani abu. Kowace shekara 'yan sandan jihar Mishigan da ofishin sherif na Los Anjalas suna gwada motocin da kamfanoni suka ware don bin mai laifi, a duba tashi, ƙarshen gudu, birki da zagayen fili. Mustang ta yanzu motar kasuwa ce, hukuma ce ke saye ta kai a haɗa mata fitilu da waya. Don haka aikin altaneta, sanyaya da jadawalin gyara yana wuyan makanikan hukumar.

Hadiza: Wasu kuma ba saye aka yi ba.

Bala: Eh, akwai waɗanda kotu ta ƙwace daga masu laifi ta miƙa wa hukuma, kamar Challenger Hellcat da aka gani a hannun 'yan sandan Tekzas. Irin waɗannan sun fi zuwa makarantu da bukukuwa da tallar ɗaukar sababbin jami'ai. Taya huɗu da faifan birkinsu kaɗai sun isa su girgiza kasafin ƙaramin ofishi, shi ya sa ba a cika sa su sintirin yau da kullum ba.

Hadiza: Nan za mu dakata. Malam Bala, Injiniya, mun gode. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.