Diyes: Yadda Littafinki Zai Fita Daga Gurup Ya Shiga Kasuwa

Assalamu alaikum marubuta da masu karatu. Ku dubi alamar nan da ke kan allo: #. Babu wanda bai san ta ba a Damagaram, ko da bai taɓa zama a lakwal ba. Ita ce diyes, wadda muke dannawa a ƙarshe in za mu duba kuɗin salula ko mu sayi farfe: etuwal, lamba, diyes. Yau a kanta za mu yi magana, amma a matsayin abin tallar littafi. Zan fi fuskantar ƴan'uwa mata, don su suka fi yawa a rubutun waya. Maza kuma ku matso, zancen naku ne ku ma.

Ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Marubuciya tana nan a Birni, ko Zango, ko Garin Malam. Sai yara sun yi barci take ɗaukar waya, ta yi ta bugawa da babban yatsa har dare ya raba. Ta gama shafi, ta tura a gurup ɗinta na WhatsApp, ƴan gurup su yi sharhi, su yi addu'a, shi ke nan. Gobe ma su ɗin ne dai. Labarin yana da daɗi, amma yana cikin gida mai katanga, wanda ke waje bai san ana yi ba. Kuma ki sani, a WhatsApp ko kin jera diyes goma a ƙasan shafi, ado ne kawai. Ba ta dannuwa, ba ta kai kowa ko'ina.

A Facebook, TikTok, Instagram da X kuwa, in kika manna diyes a gaban kalma, kalmar ta zama ƙofa. Wannan ake kira hashtag. Wani Ba'amurke mai suna Chris Messina ne ya kawo shawarar a Twitter, wato X ta yanzu, cikin watan Agusta na 2007, Facebook kuma bai karɓe ta ba sai 2013. Duk wanda ya danna kalmar, ko ya neme ta, za a tattaro masa abin da mutane suka wallafa da ita. Ki tuna Kasuwar Dole: mai neman atamfa ya san layin da zai nufa, mai neman hatsi ma haka. Hashtag layi ne a kasuwa, aikinki shi ne ki baje kayanki a layin da masu saye suka riga suka saba bi.

Turawa sun ga amfanin abin. A wajajen 2020 masu karatu a TikTok suka fara taruwa ƙarƙashin #BookTok, suna nuna littattafan da suka sa su kuka ko suka hana su barci. Akwai marubuciyar Amurka, Colleen Hoover, da littafinta ya fito tun 2016, amma sai a 2021 ya yi tashin da ya girgiza kasuwa, saboda waɗannan ƴan bidiyoyin. Ki lura da kyau, masu karatu ne suka yi tallar. Ita diyes wurin haɗuwa kawai ta ba su.

Yanzu mu zo kan abin da ya shafe mu mu ƴan Nijar, don a nan ne da yawanmu ke asara ba su sani ba: rubutun kalmar kanta.

A ce littafinki sunansa Ɗiyar Mai Tukuɗi. Ke kin rubuta shi da ɗ mai ƙugiya, yadda ƙa'ida ta ce. Ƙawarki wayarta ba ta da ƙugiya, ta rubuta Tukudi. Ɗan'uwanki da ya saba da rubutun Faransanci ya rubuta Toukoudi. A kunnenmu kalma ɗaya ce. A wurin na'ura kuwa rumfuna uku ne, kowace da nata kwastomomin, babu mai ganin ɗan'uwansa. Haka Hausa da Haoussa. Haka Zinder da Damagaram. Haka ƙauna da kauna, don na'ura tana ɗaukar ƙ a matsayin harafi daban da k.

Sai kuma ɗan waƙafin nan na sama. Ƴan'uwanmu na Najeriya suna rubuta 'ya da waƙafi, mu a nan ƙa'idarmu ƴ ce mai ƙugiya. To, waƙafi yana tsinke hashtag. In kika rubuta #Ma'aurata, na'ura za ta tsaya a kan Ma, sauran ya zama rubutu zalla. Tazara ma tana tsinke shi, karan ɗori ma haka. Shi ya sa ake haɗe kalmomin wuri ɗaya, a fara kowace da babban baƙi don ido ya iya rabewa: #DiyarMaiTukudi. Babba da ƙarami duk ɗaya ne a wurin nema, don sauƙin mai karatu ake yi.

Ni mai kishin ƙugiya ne, kuma ina roƙonki ki rubuta littafinki da ita daga farko har ƙarshe, a bango ma ta fito ɓaro-ɓaro. Amma a hashtag ɗin sunan littafi, shawarata ita ce ki sauke ta, ki zaɓi rubutun da kowace waya za ta iya bugawa. Ki tsayar da siga ɗaya tak tun kafin shafin farko ya fita. Ki rubuta ta a jikin bangon littafin, ki sa ta a ƙarshen kowane shafi, ki gaya wa ƴan gurup cewa in za su yi maganar littafin a waje, ga yadda za su rubuta. Kafin ki tsayar, ki fara nema tukuna, kada a ce wata ta riga ki, ko kuma an ɓata kalmar da abin da ba za ki so sunanki ya zauna kusa da shi ba.

Bayan naki na kanki, sai na taron jama'a. Buɗe wurin nema ki buga #HausaNovels, za ki ga inda masu karatun Hausa suka riga suka yi dandazo. Na san Turanci ne, kuma na san akwai masu jin zafin haka, ni ma ina ji. Sai dai tun tsakiyar shekarun 1980 da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa, mafi yawan masu karatun nan suna ƙetaren iyaka ne, Kano kuwa daga nan tafiyar kilomita ɗari biyu da ƴan kai ce. Abin da suke bugawa in suna nema, shi za ki sa. Sannan ki ƙara namu a gefensa, #LittattafanHausa, #Damagaram, #Zinder, don su ma su yi ƙarfi. Ɗalibar Jami'ar André Salifou da ke neman labarin da ya faru a unguwar da ta sani, ta nan za ta same ki. Manya irin su #Love ko #Viral kuwa ki bar su, cikin ƙiftawar ido za a binne ki.

Uku zuwa biyar sun wadatar. Kada kuma ki ari maudu'in da ke tashe alhali babu ruwan littafinki da shi. In ana jimamin rasuwa ko wani hatsari, kika liƙa tallar labarin soyayya a wurin, mutane ba za su manta ba. Haka kalmomin batsa don jan ido: za su kawo taro, amma ba taron da zai sayi littafi ya mutunta mai shi ba.

Wani abu da ke kayar da mutane a Facebook: ki duba ƴar alamar da ke kusa da kwanan watan rubutunki. In hoton duniya ne, kowa zai gani. In hoton mutane biyu ne, abokanki kaɗai ke gani, hashtag ɗin ma iyakarsa ke nan. Rufaffen gurup na Facebook shi ma haka yake. A Wattpad kuma, dandalin wallafa labarai da karanta su, akwai gurbi na musamman da ake cike kalmomin nema, kuma kowace kalma tana da jerin matsayinta. Ya fi sauƙi ki hau sama a ƙaramar kalma da ta dace da labarinki fiye da babba wadda duniya ke kokawa a kanta.

Ba zan yaudare ki ba, diyes ba laya ba ce. Shugaban Instagram da kansa, Adam Mosseri, ya sha faɗin cewa hashtag ba ya ƙara yawan masu gani sosai, amfaninsa shi ne nuna abin da rubutun ya ƙunsa da taimaka wa mai nema. Abin da ke tsayar da yatsan mai wucewa shi ne abin da ya gani a daƙiƙun farko. Don haka kada ki wallafa bango kawai ki ce a saya. Ki zaɓi wuri mai zafi, inda uwar miji ta ɗaga labule, ko inda aka dawo da lefe, ki karanta da muryarki na rabin minti, ki yanke daidai inda rai ke son ƙari. Da Hausarki ta Damagaram za ki karanta, kada ki sake harshe. Ita ce za ta sa wanda ya saba jin ta Kano ya dakata ya saurara.

In ya tsaya, dole ya san inda zai dosa. Ki faɗi inda shafukan ɗanɗano suke, ki faɗi farashi da sefa da naira, ki tanadi yadda ƴar Maraɗi za ta biya da yadda ƴar Katsina za ta biya, tun kafin a tambaya. Da yawa sun rasa mai saye a daidai wannan gaɓar.

Daga nan, kullum bayan isha'i, ki buga hashtag ɗin littafinki a wurin nema. A nan za ki ga wadda ta yi sharhi ba ta ambace ki ba, ki gode mata da sunanta, ki nemi izininta ki sake yaɗa maganarta. A nan kuma wani lokaci za ki ci karo da wanda ya kwafe shafukanki yana rabawa babu izini, sai ki ɗauki hoton allon ki ajiye, ki kai ƙara ta maɓallin da dandalin ya tanada.

A bidiyo na gaba za mu zauna a kan maganar biyan kuɗi tsakanin sefa da naira. Sai mun haɗu, a gaida mutanen gida.