Tsofaffin katun a tashoshin gari na Amurka, da yadda ake kamo su da eriya

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka, daga nan birnin Shikago. Ku dubi allon nan da kyau. Wannan Popeye ne, mai cin alayyahu, kuma hoton nan daga iska yake saukowa ta 'yar eriyar da ke liƙe a taga, babu kuɗin wata, babu intanet. Masu yara a ƙasar nan, ku matso kusa, don yawancinmu muna biyan kuɗin abin da yake yawo kyauta a saman gidajenmu.

Sai an san irin tashar da ta raini waɗannan katun kafin a gane sauran bayanin. A Amurka akwai manyan gidajen talabijin uku na asali, ABC da CBS da NBC, kuma a da yawancin tashoshin garuruwa a ƙarƙashinsu suke, daga can ake aiko musu da shirye-shirye. Tasha mai zaman kanta ba ta da mai aiko mata. Daga safiya har dare ita za ta nemo abin da za ta cika sa'o'inta da shi, da kuɗin aljihunta. A wancan zamanin, irinsu ne WGN a nan Shikago, da WPIX a New York, da KTLA a Los Angeles. Daga baya, da dokar 1962 ta tilasta wa masu ƙera talabijin su sa abin kama zangon UHF, wato tashoshi masu lamba 14 zuwa sama, sai ƙanana suka yi ta ɓullowa, kamar WCIU mai lamba 26 a 1964 da WFLD mai lamba 32 a 1966.

Su kuwa katun ɗin, tun asali don silima aka zana su. Kowane ɗaya minti 6 zuwa 7 ne, ana haska shi kafin babban fim. Da talabijin ta fara kwashe 'yan kallo, sai kamfanonin fim suka ga tsofaffin nan suna jibge a ɗakin ajiya ba sa kawo ko sisi. A 1956 wani kamfani mai suna Associated Artists Productions ya sayi katun ɗin Popeye guda 234 na Paramount, da katun masu kala na Warner Bros. waɗanda aka fitar kafin Agustan 1948, ya shiga ba tashoshi haya gari-gari. Tasha takan karɓi tarin gaba ɗaya na wasu shekaru, ta yi ta juya shi. Lissafin ne ya ja hankalinsu: katun 3 minti 21 ke nan, a shirin rabin awa saura minti 9 na talla da surutun mai gabatarwa. Shi mai gabatarwar ma sau da yawa ma'aikacin gidan ne, a ba shi hula da 'yar tsana a ce ya tsaya gaban kyamara. A KTLA Tom Hatten ne yake gabatar da Popeye cikin kayan matuƙan jirgin ruwa. A WGN akwai Ray Rayner da safe, akwai kuma shirin Bozo da ya fara a 1961 bai tsaya ba sai 2001, wanda a lokacin tashensa iyali kan jira shekaru kafin su samu tikitin shiga.

Yadda ake sa su a iska shi ne ya fi ba ni sha'awa, kuma shi ne yake bayyana tabon da kuke gani a tsofaffin kwafi. Fim ne na gaske, mai faɗin milimita 16, yake zuwa a cikin gwangwani. Yana gudun ƙafa 36 a minti, don haka katun ɗaya ya kai wajen ƙafa 250. Ana ɗora shi a majigi, hasken ya bi ta madubi ya faɗa kai tsaye cikin idon kyamarar talabijin. To fim hoto 24 yake nunawa a daƙiƙa, talabijin ɗin Amurka kuwa 30, kowane hoto kuma rabi biyu ne, wato rabi 60. Dabarar ita ce a riƙe hoton fim na farko tsawon rabi 3, na biyu rabi 2, na uku 3, na huɗu 2, a haka 24 yake cika 60. Shi ya sa idan hoto yana tafiya a hankali daga hagu zuwa dama za ku ga yana ɗan tuntuɓe.

Kwafi ɗaya yakan zaga tashoshi da yawa, wannan ta gama ta aika wa waccan. Duk majigin da ya bi sai ya bar masa ƙarce, dogayen layukan nan da suke saukowa daga sama. Idan ya tsinke, a yanke wurin a liƙe, hotuna kaɗan su tafi, sai ka ji magana ta yi tsalle. Kala ma tana kwaranyewa: a irin fim ɗin da aka fi bugawa a lokacin, rinin shuɗi da na rawaya su suke fara gudu, ja ya rage, har sararin sama ya koma ruwan hoda. Ga kuma almakashin mai tacewa, wanda zai cire rabin minti don talla ta samu wuri, ko ya cire wurin da aka harba bindiga.

Akwai wata ɓarna da har yau take ba ni takaici. Da talabijin mai kala ta yaɗu a ƙarshen shekarun 1960, tashoshi suka daina son baƙi da fari. Sai aka aika da tsofaffin Looney Tunes zuwa Koriya ta Kudu, aka kwafe su da hannu aka shafa kala, cikin gaggawa, ana tsallake hotuna. Motsin da masu zanen asali suka sha wahala a kansa ya koma tsalle-tsalle, wani lokaci hannu ko ƙafa ya canza kala a tsakiyar tafiya. An sake yi wa Popeye haka a 1987. Idan kun ga tsohon katun mai kala yana motsi kamar mai ɗingishi, bangon bayansa fayau babu inuwa, to kwafin hannu ne.

Me ya kore su daga tashoshin gari? Abubuwa ne suka taru. A 1974 hukumar sadarwa ta FCC ta hana mai gabatar da shirin yara ya tallata kaya da bakinsa a cikin shirinsa, alhali nan ne kuɗin yake. A 1983 sabon katun mai suna He-Man ya zo da sabon ciniki: kashi 65, wato kwana 5 a mako har mako 13, kuma maimakon tasha ta biya kuɗi sai ta ba kamfanin wani ɓangare na lokacin talla. Tsohon katun ba zai iya gasa da wannan ba. Sannan Ted Turner, wanda shi kansa da ƙaramar tasha mai lamba 17 ya fara a Atlanta a 1970, ya sayi rumbun kamfanin fim na MGM a 1986, da Tom and Jerry da Popeye da tsofaffin Warner a ciki, ya ƙara da Hanna-Barbera a 1991, ya buɗe Cartoon Network ranar 1 ga Oktoba 1992. Mai kaya ya samu shagonsa, hayar da take ƙarewa ba kasafai ake sabunta ta ba. Dokar 1990 ta ƙayyade tallar shirin yara, minti 12 a awa a ranakun aiki, 10 da rabi a ƙarshen mako. Su kansu tashoshin masu zaman kansu, sabbin manyan gidajen talabijin ne suka kwashe su: Fox ta kwashi wasu daga 1986, WB da UPN suka kwashi wasu a 1995.

Dawowarsu ta biyo bayan 12 ga Yunin 2009, ranar da manyan tashoshi suka kashe tsohon tsarin watsawa suka koma dijital. Zango ɗaya yanzu yana ɗaukar wajen megabit 19 a daƙiƙa, ana iya raba shi gida-gida, shi ne kuke ganin 26.1, 26.2, 26.3. Tsohon katun ba ya cin wuri da yawa. Kamfanin Weigel, mai WCIU a nan garin, shi ne mai MeTV, wadda ta fara shirin katun na safe a Janairun 2021, sannan ranar 25 ga Yunin 2024 ya buɗe MeTV Toons tare da Warner Bros. Discovery, katun dare da rana. Kwafin da suke sawa yawanci gyararru ne, ba irin masu ƙarcen da ba.

Yanzu ga yadda ake kamowa. Talabijin ɗin da aka sayo a nan tana da abin kama tsarin ATSC, wato tsarin dijital na Amurka, a cikinta. Wadda aka yo tsarabarta daga Kano ko Yamai ba za ta kama ba, tsarinsu daban ne, sai an haɗa mata ƙaramin akwatin ATSC ta HDMI. Kafin ku sayi eriya, ku shiga taswirar tashoshi ta FCC ku sa lambar unguwarku, ku duba abu biyu: ta wane ɓangare hasumiyar take, da ainihin zangon tashar. Lambar da take fitowa a allo suna ne kawai. A nan CBS tana amsa lamba 2, amma a zango na 12 take watsawa. Zango 2 zuwa 13 VHF ne, 14 zuwa 36 UHF. Faifan eriyar nan mai kama da takarda UHF ya fi kamawa. Idan tasharku a zango 7 zuwa 13 take, ku nemi mai sanduna biyu, ku ja kowace sanda ta kai wajen santimita 38, ku kwantar da su su miƙe. Mutane suna zuƙe su har ƙarshe su tayar sama, hakan rage ƙarfi yake yi.

Waya ku sayi RG6, gajeriya gwargwadon iko. Duk abin raba waya gida biyu yana cinye fiye da rabin ƙarfin sigina, don haka kar a sa shi sai dole. Eriya ta hau sama, kusa da tagar da take kallon hasumiya. A Shikago dogayen benayen tsakiyar gari ne, irin Willis Tower. Ragar sauro ta ƙarfe tana tare sigina, haka gilashin zamani mai hana zafi. A cikin saitin talabijin ku zaɓi Antenna ko Air, kar ku bar shi a Cable, sannan ku sa ta lalubo tashoshi. Duk lokacin da kuka matsar da eriya ku sake lalubowa.

Dijital ba ya yin yayyafin nan na da. Ko hoto ya fito tas, ko ya farfashe ya daskare, ko allo ya yi baƙi. Idan yana farfashewa, kar ku yi saurin sayen busta, wato abin ƙara wa sigina ƙarfi. Wanda yake kusa da hasumiya, busta cika talabijin take yi da ƙarfi har tashoshin da ake kamawa su ɓace. Ku fara matsar da eriyar taku ɗaya ko biyu, don sigina yana dukan bango ya dawo ya rikita kansa. Idan hoto yana lalacewa da zarar an kunna fitila, wani ƙwan LED mai araha ne yake watsa ƙara a zangon VHF, ku canza shi. Masu haya kuma, dokar FCC ta 1996 da aka faɗaɗa daga baya ta ba ku damar sa eriya a wurin da yake naku ku kaɗai, kamar baranda, amma ban da rufin gini ko huda bango.

Idan Bugs Bunny ya fito da ƙiba, ku gyara girman hoto zuwa 4:3, a haka aka zana su, baƙaƙen shafin gefe ba matsala ba ne.

Iyaye, ku zauna tare da yara a kwanakin farko. Waɗannan katun don 'yan silima aka yi su, manya da yara, akwai shan taba, akwai bindiga, kuma wasunsu sun zana baƙar fata da wulaƙanci. Tun 1968 United Artists ta janye guda 11 daga tashoshi saboda haka, amma guntayen irin wannan zanen suna nan a wasu. Yaron da yake tasowa a ƙasar nan da fatarmu, gara ya ji bayanin daga bakin uwarsa ko ubansa a daidai lokacin da ya gani. Jadawalin mako yana shafin tashar, ku duba ku zaɓi sa'o'in da suka dace da gidanku. Sai mun haɗu a bidiyo na gaba, a gaida gida.