Manya da ƙananan haruffa a Python: inda ƙ da ɗ suke tuntuɓe

Ku ɗauki misalin rajistar abokan cinikin wani shago a Maradi, inda ake rubuta garin kowa. Wani ya rubuta TASAWA, wani tasawa, wani Tasawa. Ga kwamfuta, garuruwa uku ne, don kowane harafi da lambarsa a wurinta: lambar A 65 ce, ta a kuma 97.

Maganin a Python 3, harshen rubuta manhaja, gajere ne. gari.upper() na mai da duka haruffa manya, gari.lower() na mai da su ƙanana. Amma ku lura, asalin rubutun ba ya canzawa, sabo ake ba ku. In ba ku rubuta gari = gari.lower() ba, aikin banza kuka yi. In kwatanta rubutu biyu za ku yi, casefold() ya fi lower() ƙarfi.

To, ga inda Hausa ke shigowa. Akwai tsohuwar dabara ta cire 32 daga lambar ƙaramin harafi don a samu babba. Daga a zuwa z tana aiki, amma ku gwada ta kan ƙ: lambarsa 409, ta Ƙ 408, bambancin ɗaya kacal. Shi ɗ 599 ne, Ɗ kuma 394. Ku bar dabarar nan. upper() na Python ya san Unicode, tsarin da ya ba haruffan harsunan duniya lambobi, yana juya ɓ, ɗ, ƙ da ƴ daidai, har da é na Faransanci. Ba ko'ina ake samun wannan sauƙin ba. A SQLite, manhajar adana bayanai, upper() haruffan ASCII kawai yake taɓawa, wato a zuwa z, sai "ɗan isa" ya fito "ɗAN ISA". Haka strtoupper na PHP, wani harshen rubuta manhaja, yake, a can mb_strtoupper za ku kira, tare da UTF-8, tsarin adana haruffan Unicode.

Sai title(), mai ɗaga harafin farkon kowace kalma. Yana da sauƙi, amma bai san alhamza ba, yana ɗaukar ta kamar ƙarshen kalma. Ku rubuta "mu'azu".title(), ga abin da ya fito: Mu'Azu. Sa'adu ya koma Sa'Adu, ma'aikata kuma Ma'Aikata. A rasit ɗin mutum wannan abin kunya ne. Ku shigo da string, ku kira string.capwords(suna). Shi a wurin sarari yake raba kalmomi, sai Mu'azu ya fito lafiya lau.

Shi ma yana da nasa aibin. In abokin ciniki daga Katsina ya turo 'yan da alhamza a gaba, yadda ake rubutawa a Najeriya, capwords zai bar y ƙarami, don alhamza ce harafin farko. Ƴ ɗin da muke amfani da shi a Nijar harafi ɗaya ne, ƴan ya koma Ƴan ba gardama. Ku fara mai da rubutun ƙanana, ku musanya 'y na farkon kalma da ƴ, sannan ku kira capwords.