Birki da shokazoba: aikin da E46 za ta karɓa a ƙofar gida

Auwal: Jama'a, barkanmu da war haka. Tunda aka fara musun nan a zaurenmu na WhatsApp, saƙonni ba su tsaya ba. Kowa tambayarsa ɗaya, wai mai BMW E46 zai iya taɓa birkinsa a gida?

Ummi: Ni dai tsoro nake ji, Yaya Auwal. Birki fa rai ne.

Auwal: Rai ne, shi ya sa nake so mai mota ya san shi da hannunsa. Amma kafin a ɗauki sifana, jak ba ya riƙe mota, ɗagawa kawai yake yi. A sa mata ƙafafun ƙarfe. Bulon siminti kuwa, wallahi fashewa yake yi ba sallama.

Sadiƙ: To, an ɗaga, an cire taya.

Auwal: Kusoshi biyu ne ke riƙe da kalifa, wato ƙarfen da ke matse fad a jikin faifan birki, alanki mai lamba 7 ke kwance su. Ka zare ta, ka rataye ta da waya a jikin sifirin, kar ka bar ta tana lilo a tiyon mai. Akwai 'yar wayar da ke kunna fitila idan fad ya cinye, ɗaya a gaba hagu, ɗaya a baya dama. In fitilar ta riga ta kama, 'yar wayar ma sabuwa za ka sa. In ka mayar da taya, ɗaurinta 120 ne a Nm, wato ma'aunin ƙarfin ɗaurin kusa. Sannan ka yi ta taka birki har ya yi tauri kafin motar ta motsa, don takun farko ƙasa yake tafiya.

Ummi: Man birkin fa? A kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa sai a miƙo maka duk wanda hannu ya kai.

Auwal: Nan ne zuciyata take. Man nan ruwa yake zuƙa daga iska. Man birki nau'in DOT 4 sabo sai ya kai digiri 230 na Celsius zai tafasa, wanda ya sha ruwa kuwa ana lissafa shi a 155. Motar gudu tana gasa birki, man ya tafasa, ka taka ka ji ba komai. Shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu. Kuma DOT 5 ba ƙanin DOT 4 ba ne, sinadarinsu daban, ba a haɗa su.

Sadiƙ: Fitar da iska daga layin man birki kuma daga tayar baya dama ake farawa.

Auwal: Baya dama, baya hagu, gaba dama, gaba hagu. Ɗaya na takawa, ɗaya na buɗewa.

Sadiƙ: Masu sassauke motarsu ƙasa ma sun aiko gaisuwa.

Ummi: Wayyo, 'yan tsallaka bam a kaikaice!

Sadiƙ: Taya ɗaya, a tsaya. Taya ta biyu, a yi bismillah.

Ummi: Ga 'yan adaidaita sahu sun yi layi a baya suna ta hon.

Sadiƙ: Na ga wanda ya sauke abokansa uku, suka tsallaka da ƙafa, suka jira shi a gaba.

Ummi: Har da mai durƙusawa yana leƙa ƙasa, yana cewa taho, taho, tsaya!

Sadiƙ: Mai shayin wurin ma ya bar tukunyarsa ya zo ba da hannu.

Auwal: Kai, ku bari haka. Amma bam ɗin nan da ramuka su ke kashe bushin, wato robar hannun ƙarfen da ke riƙe tayar gaba ta E46. Ka taka birki sitiyari ya yi rawa, sai a ce maka faifai ne, alhali sau da yawa robar ce ta tsage. Shokazoba na baya aikin gida ne, don sifirinsa a ware yake, sai dai ka duba mazauninsa na sama ta cikin but, yana yawan lalacewa. Na gaba kuwa sifirin na matse a jikinsa. In ba ka da abin matse shi, kai wa bakanike, don in ya kuɓuce yana iya kashe mutum.

Ummi: Yaya, lokaci fa. Ba mu taɓa zancen alaimen ba, wato saitin tayoyi.

Auwal: A yi shi bayan an taɓa ƙafar gaba. Sauran sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

Sadiƙ: Mu kwana lafiya.